Oscar Mathisen

Oscar Wilhelm Mathisen (an haife shi ranar 4 ga watan Oktoba, 1888, ya mutu ranar 10 ga watan Afrilu, 1954) ɗan wasan tseren kan ƙanƙara ne ɗan ƙasar Norway, wanda ake sanya shi cikin manyan gwanayen wannan wasa a tarihi. Ya zama zakaran duniya sau biyar, a shekarun 1908, 1909, 1912, 1913 da 1914, sannan ya zama zakaran Turai sau uku. Ya kafa tarihin duniya sau 14, kuma lokacin da ya kafa a tseren mita 1,500 a shekarar 1914 ya shekara 23 ba a samu wanda ya karya shi ba. Duk da wannan bajinta, Mathisen bai taɓa shiga gasar Olamfik ba. A shekarun da yake kan ganiyarsa ba a fara Olamfik ta lokacin hunturu ba, da aka zo aka fara ta a 1924 kuma, dokokin zamanin sun riga sun rufe masa ƙofa saboda ya koma yin wasa don kuɗi.

Farkon rayuwa

An haifi Mathisen a birnin Kristiania, babban birnin Norway, wanda aka mayar wa sunan Oslo a shekarar 1925. Shi ne auta a cikin 'ya'ya bakwai. Ya tashi a garin da tseren kan ƙanƙara ya riga ya kafu. A ƙasashen arewacin Turai sanyin hunturu yana daskarar da tafkuna da bakin teku har su yi taurin da mutum zai taka, don haka zamiya a kan ƙanƙara tsohuwar hanyar tafiya ce kafin ta zama wasa. An yi gasar tsere a Kristiania tun a 1863, kuma a 1885 dubban mutane suka taru a kan daskararren ruwan Frognerkilen don kallon karawar Axel Paulsen na Norway da Renke van der Zee na Holan.

Wasan yana cikin gidansu ma. Yayansa, Sigurd Mathisen, shi ne ya ci gasar duniya ta 1904 da aka yi a Kristiania, lokacin Oscar yana da shekara 15. Oscar ya shiga ƙungiyar tseren ƙanƙara ta birnin, wadda yanzu ake kira Oslo Skøiteklub, kuma da sunanta ya yi wasa. A 1907, yana da shekara 18, ya zama zakaran ƙasar Norway a karon farko.

Tasowarsa ta zo daidai da wani muhimmin lokaci a tarihin ƙasar. A 1905 Norway ta raba gari da Suwidin bayan kusan shekara 90 suna ƙarƙashin sarki ɗaya, ta naɗa nata sarkin, Haakon na VII. Sabuwar ƙasa ce mai ƙarancin jama'a wadda ke neman abin da za ta yi alfahari da shi a idon duniya, kuma ta same shi a wajen masu binciken yankunan ƙanƙara irin su Fridtjof Nansen da Roald Amundsen, da kuma 'yan wasan hunturu. 'Yan kallo suka laƙaba wa Mathisen sunan Kong Oscar, wato Sarki Oscar. Sarkin Suwidin na ƙarshe da ya mulki Norway shi ma sunansa Oscar, wato Oscar na II.

Yadda wasan yake a zamaninsa

Ɗan tseren ƙanƙara yana sanya takalmi mai dogon siririn ƙarfe a ƙasansa, kamar wuƙa. Ba gudu yake yi irin na ƙasa ba. Yana sunkuyawa ne, ya tura ƙafa ɗaya gefe da ƙarfi, ya zame a kan ɗayar, sannan ya sauya. Sunkuyawar tana rage karo da iska, amma tana ɗora nauyi mai yawa a kan cinyoyi da baya, shi ya sa dogon zango yake da wahala ƙwarai.

Filin tseren da'ira ce mai tsawon mita 400, daidai da hanyar gudu da ke kewaye filin ƙwallo, kamar ta filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Mutum biyu ne ke tashi a lokaci ɗaya, ɗaya a layin ciki ɗaya a layin waje, kuma suna musayar layi a kowane zagaye don kowa ya yi tafiya daidai da ta ɗan'uwansa. Ba wanda ya riga abokin tafiyarsa ne yake cin gasa ba, a'a, agogo ne alƙali: ana kwatanta lokutan duk waɗanda suka shiga, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ne na ɗaya.

Ƙungiyar wasannin zamiya ta duniya, ISU, an kafa ta a 1892 a Scheveningen da ke Holan, kuma gasar duniya ta farko a ƙarƙashinta an yi ta a Amsterdam a 1893, inda Jaap Eden na Holan ya yi nasara. A gasar, kowane ɗan wasa dole ya yi zango huɗu: mita 500, 1,500, 5,000 da 10,000. Mita 500 zagaye ɗaya ne da kwata, mita 10,000 kuwa zagaye 25 ne. Ke nan zakara sai ya haɗa saurin ɗan gajeren zango da juriyar ɗan dogon zango, abin da ba kasafai ake samu a jikin mutum ɗaya ba. A farko, sai wanda ya ci uku daga cikin huɗun ake ba kambu, don haka a wasu shekaru, kamar 1906 da 1907, an tashi babu zakara. Daga baya aka shigo da tsarin maki domin a riƙa samun wanda ya yi nasara ko da babu wanda ya ci zango uku.

Duk wasannin zamanin a fili ake yin su, a kan ƙanƙarar da sanyin gari ya daskarar. Iska, dusar ƙanƙara ko ɗan ɗumin rana suna iya ɓata lokacin ɗan wasa. Wannan ne ya sa garin Davos na ƙasar Suwizalan ya yi suna. Yana kan duwatsu, kimanin mita 1,560 sama da teku, inda iska ba ta da kauri kuma ƙanƙara take da tauri da santsi. Da yawa daga cikin tarihin duniya na wancan lokaci a can aka kafa su.

Zakaran duniya yana da shekara 19

Gasar duniya ta 1908 a Davos aka yi ta, cikin watan Fabrairu. Mathisen ya faɗi a tseren mita 500, abin da kan raba ɗan wasa da kambu tun a ranar farko. Amma ya farfaɗo a sauran zangunan, har ya kafa tarihin duniya a mita 1,500 da minti 2 da sakan 20.8, ya kawar da na ɗan ƙasarsu Peder Østlund wanda ya tsaya tun 1900. Haka ya koma gida da kambun duniya yana da shekara 19.

A 1909 ya haɗa manyan kambuna uku a hunturu ɗaya: na Norway, na Turai da aka yi a Budapest, da na duniya da aka yi a gida Kristiania. A wannan shekarar kuma, a Davos, ya yi mita 1,000 cikin minti 1 da sakan 31.8, tarihin da ya tsaya har zuwa 1930 lokacin da Clas Thunberg na Finlan ya karya shi.

Hamayya da 'yan Rasha

Babban ƙalubalen da Mathisen ya fuskanta daga Rasha ya fito. Nikolai Strunnikov na birnin Mosko, wanda ya yi fice a dogon zango, ya ƙwace kambun duniya a Helsinki a 1910, Mathisen ya zo na biyu. Strunnikov ya sake cin kambun a Trondheim a 1911, kuma shi ne zakaran Turai a shekarun biyu. Sai dai ya bar shiga gasa a 1912 sakamakon saɓani da shugabannin wasanni na ƙasarsa, don haka hamayyar tasu ba ta yi nisa ba.

Mathisen ya dawo da ƙarfinsa a 1912. Ya ci gasar Turai a Stockholm, sannan ya ci ta duniya a Kristiania, inda ya kafa sabon tarihi a mita 500 da sakan 44.2, washegari kuma a mita 10,000 da minti 17 da sakan 46.3. Kafa tarihi a mafi gajarta da mafi tsawon zango cikin kwana biyu shi ne abin da ya fi nuna irin baiwarsa.

Bayan Strunnikov sai wani ɗan Rasha ya taso, Vasili Ippolitov. Shi ne ya doke Mathisen a gasar Turai ta 1913 da aka yi a St. Petersburg. Mathisen ya rama a gasar duniya ta wannan shekara a Helsinki. A hunturun ne kuma ya rage tarihin mita 10,000 har sau biyu, na biyun a Kristiania ranar 1 ga Fabrairu, 1913, da minti 17 da sakan 22.6. Wannan yana nufin ya yi zagaye 25 a jere, kowanne cikin ƙasa da sakan 42 idan aka raba daidai. Ba a karya wannan tarihi ba sai a 1928.

Hunturun 1914

Watan Janairu na 1914 shi ne ƙololuwar rayuwarsa ta wasa. A ranar 10 ga wata aka buɗe sabon filin wasa na Frogner a Kristiania, kuma a ranar Mathisen ya kafa tarihin mita 500 da sakan 43.7. Washegari ya yi mita 1,500 cikin minti 2 da sakan 19.4, shi ma sabon tarihi.

Mako ɗaya bayan haka yana Davos. Ranar 17 ga Janairu ya sake rage mita 500 zuwa sakan 43.4, ya kuma yi mita 5,000 cikin minti 8 da sakan 36.6. Tarihin mita 5,000 da ISU ta amince da shi a lokacin na Jaap Eden ne, wanda ya kafa a Hamar tun 1894, wato ya shekara 20. Ranar 18 ga Janairu Mathisen ya yi mita 1,500 cikin minti 2 da sakan 17.4, gudun da ya haura kilomita 39 a awa ɗaya. Daga wannan rana, tarihin duniya na mita 500, 1,000, 1,500, 5,000 da 10,000 duk suna hannun mutum ɗaya.

A cikin watan Fabrairu ya ci gasar Turai a Berlin, sannan ya ci gasar duniya a filin Frogner a gaban jama'ar garinsu. Wannan ne kambunsa na duniya na biyar, yana da shekara 25.

Tarihin mita 1,500 shi ne ya fi daɗewa a bakin jama'a. 'Yan wasan da suka biyo baya, har da waɗanda suka ci zinare a Olamfik, sun yi ta gwada shi ba su kai ba, sai a 1937 da wani ɗan Norway, Michael Staksrud, ya karya shi, shi ma a Davos.

Yaƙi da komawa wasan kuɗi

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a bazarar 1914. Norway ba ta shiga yaƙin ba, amma gasar duniya da ta Turai sun tsaya cak, ba a sake yin su ba sai 1922. Ke nan shekarun da ɗan wasa ya fi ƙarfi, daga 26 zuwa 33, sun wuce wa Mathisen babu babbar gasar da zai shiga. Ya ci gasar Norway a karo na shida a 1915, kuma a Janairun 1916 ya kafa tarihinsa na duniya na ƙarshe, minti 8 da sakan 36.3 a mita 5,000, a Kristiania.

A 1916 ya yanke shawarar komawa wasan kuɗi. A wancan zamani hukumomin wasanni sun raba 'yan wasa gida biyu. Akwai masu yi don sha'awa, waɗanda ba a yarda su karɓi lada ba, kuma su kaɗai ke da damar shiga gasar ISU da ta Olamfik. Akwai kuma masu karɓar kuɗi, waɗanda ake cire su daga waɗannan gasa, kuma ba a rubuta lokutansu a kundin tarihi. Wannan doka ta fi yi wa masu hali daɗi, domin su ne ke iya shafe hunturu suna atisaye da tafiye-tafiye ba tare da albashi ba. Ga wanda dubban mutane ke biyan kuɗin shiga fili don su kalle shi, alhali shi ba a yarda ya sami komai ba, zaɓin yana da nauyi: ko suna ko abin sakawa a bakin salati.

Mathisen ya tafi Amurka, inda ake da kasuwar wasan kuɗi. Salon can ya bambanta da na Turai, domin 'yan wasa da yawa ke tashi tare, sau da yawa a ƙananan filaye masu matsattsun kwana, kuma wanda ya riga isa shi ne ya ci. Babban abokin hamayyarsa a wannan fage shi ne Bobby McLean na birnin Chicago. A watan Fabrairu na 1920 McLean ya zo Kristiania suka kara a filin Frogner a gaban taro mai yawa. Mathisen ya yi nasara, ya zama zakaran duniya na masu wasan kuɗi.

Olamfik da bai je ba

An yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix da ke Faransa a 1924, lokacin Mathisen yana da shekara 35. Doka ba ta ba shi damar shiga ba. Charles Jewtraw na Amurka ya ci zinaren mita 500 da sakan 44.0. Clas Thunberg ya ci mita 1,500 da minti 2 da sakan 20.8, daidai lokacin da Mathisen ya yi a Davos shekara 16 kafin nan. Julius Skutnabb na Finlan ya ci mita 10,000 da fiye da minti 18. Ba a iya kwatanta lokutan filaye daban-daban kai tsaye, domin ƙanƙara da yanayi ba ɗaya ba ne, amma alƙaluman suna nuna yadda ya yi wa zamaninsa nisa.

A Janairun 1929, yana da shekara 40, Mathisen ya koma Davos don ya gwada kansa da agogo. Ya yi mita 500 cikin sakan 43.0, mita 1,000 kuma cikin minti 1 da sakan 31.1. Dukansu sun fi tarihin duniya na ranar. ISU ba ta amince da su ba saboda matsayinsa na ɗan wasan kuɗi, don haka ba sa cikin tarihi 14 da ake lissafa masa.

Ƙarshen rayuwa da mutuwa

Bayan ya daina tsere, Mathisen ya ci gaba da zama a Oslo, inda ya kasance sanannen mutum da ake girmamawa. A 1946 aka buga littafin tarihin rayuwarsa mai suna Mitt livs løp, wanda ma'anarsa ita ce tseren rayuwata. Yana raye lokacin da Oslo ta karɓi baƙuncin Olamfik ta hunturu a 1952, inda ɗan ƙasarsu Hjalmar Andersen ya ci zinare uku a tseren ƙanƙara a filin Bislett.

Rayuwarsa ta ƙare cikin wani mummunan al'amari. Matarsa Sigrid ta daɗe tana fama da matsananciyar cutar damuwa. Ranar 10 ga Afrilu, 1954, Mathisen ya kashe ta, sannan ya kashe kansa. Yana da shekara 65. Lamarin ya girgiza mutanen Norway, kuma ya zama ɓangaren tarihinsa da ba a iya rabawa da nasarorinsa.

Tunawa da shi

A 1959 aka kafa mutum-mutuminsa a gaban filin Frogner, aikin masassaƙi Arne Durban, wanda ya nuna shi cikin yanayin tsere. Tun daga wannan shekara ƙungiyarsa ta Oslo take ba da lambar yabo ta Oscar Mathisen ga ɗan tseren ƙanƙarar da ya fi nuna bajinta a kakar wasa, ko daga wace ƙasa yake. Kyautar ƙaramin kwafi ne na mutum-mutumin. Knut Johannesen na Norway ne ya fara karɓar ta. Eric Heiden na Amurka ya karɓe ta sau huɗu a jere, daga 1977 zuwa 1980, kuma Bonnie Blair ta Amurka ce mace ta farko da ta samu, a 1992.

Clas Thunberg ya kamo shi a yawan kambun duniya lokacin da ya ci na biyar a 1931. Su biyun suka riƙe wannan matsayi a ɓangaren maza har zuwa 2013, lokacin da Sven Kramer na Holan ya ci na shida.

Wasan kansa ya sauya sosai. Tun daga shekarun 1980 aka fara gina rufaffun filaye masu ƙanƙarar inji, kamar na Heerenveen a Holan da na Calgary a Kanada, inda babu iska ko rana. A ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da takalmin da ƙarfensa ke rabuwa da diddige, abin da ke ba ɗan wasa damar tura ƙafa har ƙarshe. A 2019 Kjeld Nuis na Holan ya yi mita 1,500 cikin minti 1 da sakan 40.17 a Salt Lake City da ke Amurka. Dokar da ta hana masu karɓar kuɗi shiga Olamfik ita ma an yi watsi da ita, kuma manyan 'yan tseren ƙanƙara na yau da wasan suke ci suke sha.

Manyan nasarori

Gasar duniya: 1908 (Davos), 1909 (Kristiania), 1912 (Kristiania), 1913 (Helsinki), 1914 (Kristiania).

Gasar Turai: 1909 (Budapest), 1912 (Stockholm), 1914 (Berlin).

Gasar Norway: 1907, 1909, 1910, 1912, 1913, 1915.

Tarihin duniya na ƙarshe da ya kafa a kowane zango

Mita 500: sakan 43.4, Davos, 1914.

Mita 1,000: minti 1 da sakan 31.8, Davos, 1909.

Mita 1,500: minti 2 da sakan 17.4, Davos, 1914.

Mita 5,000: minti 8 da sakan 36.3, Kristiania, 1916.

Mita 10,000: minti 17 da sakan 22.6, Kristiania, 1913.